Na gama littafi, kuɗin ɗab'i babu: in sake shi ta intanet ko in jira?

Ummu Safwan: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Alhamdu lillahi, bayan shekara biyu da rabi ina fama, daren jiya na ɗiga aya ta ƙarshe a littafina. Babi 34 ne. Kuɗin kai shi maɗaba'a dai babu su, kuma ban ga alamarsu nan kusa ba. Wata ƙawata ta ce in mayar da shi PDF kawai, duk wanda ya biya in tura masa. Wani kuma ya ce a'a, in ɗora shi a Amazon, kantin nan na intanet. Ni kaina ya ɗaure. Ku da kuka riga mu shiga ruwan nan, don Allah ku faɗa mana zurfinsa.

Baffa Tijjani: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka. Ni makaranci ne kawai, na shimfiɗa tabarma ina sauraro.

Anti Sadiya: Masha Allah ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Abu na farko, kada ki tura wa kowa komai tukuna, ko da wadda kuka fito ciki ɗaya ce. Na biyu, PDF ɗin nan da ake ta ambato, da shi na fara ni ma, kuma da za a mayar da ni baya ba zan fara da shi ba. An yi shi ne don shafi ya fito yadda yake a takarda, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ki ɗauki shafin da aka auna da girman takarda ki cusa shi a fuskar waya, me zai faru? Mai karatu ya yi ta buɗa rubutu da yatsu biyu, ya ja dama ya ja hagu, kafin ya kai babi na uku idonsa ya yi ja. Akwai wadda ta rubuto mini ta ce labarina ya yi daɗi amma ta haƙura a tsakiya saboda ciwon kai. Ba labarin ne ya kore ta ba.

Ummu Safwan: To Anti in ba PDF ba sai me?

Injiniya Nura: EPUB, Hajiya, wani nau'in fayil ne na littafin lantarki. Bari in ɗan yi bayani, a yi mini haƙuri in na yi tsawo. PDF kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma har gobe babu kamarsa in littafi na da jadawali da zane-zane da dole su zauna a inda aka ajiye su. EPUB kuwa ya fito a 2007, ba mallakin wani kamfani ba ne, kuma tun 2017 yana hannun W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet. In kika ɓare fayil ɗin za ki tarar shafukan intanet ne aka ɗaure wuri ɗaya. Shi ya sa rubutun ke bin girman allon da ya samu kansa, kamar ruwa a mazubi. Mai raunin ido ya ƙara girman haruffa, mai karatun dare ya mayar da bayan shafi baƙi. Makaho ma manhajar da ke karanta masa rubutu da murya ta fi jin daɗinsa. Littafin labari dai, wanda zuba ne daga farko har ƙarshe, EPUB ne gidansa.

Kuma ba sai kin biya kowa ba. Manhajar Calibre kyauta ce, tana juya fayil ɗin Word zuwa EPUB. Sigil ma kyauta ce, da ita ake gyara cikinsa. In kin gama ki bi da shi ta EPUBCheck, za ta nuna miki inda ya karye kafin kanti ya dawo miki da shi. Sharaɗi ɗaya: tun a Word ki sa wa kan kowane babi alamar kanun babi ta ainihi, ba ki kumbura haruffa da hannu ba, kuma ki daina danna maɓallin tazara sau goma don ki tura layi tsakiya. Wannan ɗabi'ar ita ke watsa littafi in an juya shi.

Malam Garba: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni shekarata ashirin da wani abu ina fitar da littattafan mutane a takarda, ƙaramin kamfani ne, mu uku ne har da ni. Ina so in tambayi Injiniya abu ɗaya. Wannan ruwa da ka ce yana bin mazubi, in ya zube wa zai kwashe? Littafin takarda in ɓarawo zai sace shi sai ya nemi inji da tawada da takarda, ya kashe kuɗinsa. Naku kuwa mutum ɗaya ya saya, kafin la'asar mutum dubu sun karanta. Yarinya ta yi shekara biyu da rabi tana rubutu, a raba guminta a yini ɗaya kamar kayan gado.

Anti Sadiya: Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Littafina na biyu kwana huɗu da fitowa na gan shi a wani rukuni da nake ciki, wata ta turo shi har da rubuta "a yi mana addu'a". Ni da na rubuta ba a nema mini addu'ar ba.

Baffa Tijjani: Allah sarki Anti. To mu mun yi miki yanzu.

Injiniya Nura: Gaskiyarka Malam, kuma ba zan ce akwai magani sha-yanzu ba. Abin da manyan kantuna ke da shi shi ne makullin da ake kira DRM, yana ɗaure littafi da asusun wanda ya saya. Amma kowa a harkar ya san ana karya shi, kuma kwafi ɗaya tak ake buƙata a karya. Wanda makullin ke takura wa shi ne mai gaskiyar da ya biya, ya canza na'ura ya kasa tafiya da littafinsa. Kamfanin Tor, wanda babba ne a littattafan ƙagaggun labaran kimiyya, ya cire makullin daga littattafansa tun 2012, kuma yana nan bai rufe ba. Akwai wata hanya mai sauƙi da na fi so ga mai sayarwa da kansa: a buga sunan mai saye ko lambar cinikinsa a cikin kwafinsa. Ba ta hana turawa, amma mutum kan yi tunani sau biyu in ya san sunansa ne zai yi yawo.

Sannan Malam, da girmamawa, na takardar ma yanzu waya ake ɗora masa shafi-shafi a ɗauke shi tas cikin awa ɗaya.

Malam Garba: Wannan kuma haka ne. An yi mini.

Hassan Mai Alƙalami: Ni ina ganin mun fi ba satar nan girma fiye da ƙimarta. Yawancin masu karanta na sata da ma ba za su saya ba. Abin da ya fi kashe sabon marubuci shi ne a ce littafinsa na kanti wata shida ko ɓarawo bai san da shi ba.

Anti Sadiya: Hassan ka faɗi haka ne don ba naka aka raba ba.

Hassan Mai Alƙalami: Nawa abin da aka yi masa ya fi rabawa ciwo, Anti. Zan ba da labarin in an zo wurin.

Ummu Safwan: Ku dakata kada ku bar ni a baya. Shi Amazon ɗin nawa suke ɗauka, nawa suke ba ni?

Injiniya Nura: Sashen nasu na marubuta masu cin gashin kansu KDP sunansa, an buɗe shi a 2007, shekarar da Kindle, na'urarsu ta karanta littattafai, ta fito. Ɗora littafi kyauta ne. Kaso biyu suke da shi. In kika sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99 za ki iya zaɓar kashi 70 cikin 100, amma suna cire ɗan kuɗin isar da fayil gwargwadon nauyinsa, don haka kada ki cika shi da manyan hotuna. In farashin ya fita daga wannan iyaka, sama ko ƙasa, kashi 35 ne. Kuma kashi 70 ɗin na cinikin da aka yi a wasu ƙasashen da suka lissafa ne, wanda ya saya daga wajensu 35 za a ba ki.

Ki yi lissafin da kanki ki ga abin mamaki. Littafin dala 0.99 yana kawo miki kusan santi 35. Na dala 2.99 yana kawo dala biyu da 'yan kai. Ke nan sai kin sayar da shida na farkon kafin ki kamo ɗaya na biyun. Haka kuma wanda ya sa 12.99 yana karɓar ƙasa da wanda ya sa 9.99. Kuɗin kuma ba nan take ba ne, sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin. Akwai kuma fom ɗin haraji da za ki cike tun farko, domin Amurka na riƙe har kashi 30 na abin da aka sayar a can in ƙasar marubuci ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. Mutane da yawa ba sa karanta wannan sai sun ga kuɗinsu ya zo da gutsure.

Malam Garba: Kashi 70! To mu sai mu naɗe tabarmarmu ke nan. Amma bari in faɗa wa 'yata Ummu Safwan wani abu, ta riƙe ko ta yar. Mutane na ɗauka aikin mai wallafa shi ne ya kai littafi inji. Wallahi inji shi ne mafi ƙanƙantar abin da muke yi. An taɓa kawo mini wani rubutu, mai shi na da baiwa ƙwarai, amma a babi na tara ya kashe kawun yarinyar, muka yi jana'iza muka share hawaye, sai ga kawu a babi na ashirin yana ɗaura mata aure. Marubucin ya karanta abinsa ya fi sau goma bai gani ba, domin ido ba ya ganin kansa. Wannan kashi 70 da ake ba ku, ba kyauta ba ce. An ba ku ne saboda duk aikin da muke yi ya dawo wuyanku: tacewa, gyaran ƙa'idar rubutu, bango, tsara shafi, talla. Kantin ba zai karanta miki littafi ba. Ko kin rubuta "ƙasa" a inda kike nufin "kasa" haka zai ɗora shi ya karɓi kasonsa.

Abin da ke ba ni tsoro da wannan zamani ba satar ba ce kaɗai, saurin ne. Da, tsadar ɗab'i kan tilasta wa mutum ya zauna da rubutunsa wata shida yana juya shi. Yanzu a gama da dare a saki da safe. Ke kin ce jiya kika ɗiga aya. Ki rufe shi ki ajiye wata guda, kada ki leƙa. In kin dawo za ki ga abin da zai sa ki riƙe baki.

Anti Sadiya: Nan kam na sara wa Malam. Sai dai in ƙara da cewa a wannan ɓangaren mun fi ku sa'a ɗaya: in an gano kuskure bayan fitowa, gyarawa ake yi a sake ɗora fayil. Ku kuwa in kun buga dubu biyu, kawun nan ya tashi daga kabari sau dubu biyu.

Baffa Tijjani: Ni dai a matsayina na makaranci ina roƙo, ku ji tsoron Allah a kan bango. A waya bangon nan bai fi kan babban yatsa ba. Ku daina cusa fuskoki biyar da mota da gida da wata da taurari, sunan littafin kuma da haruffa masu lanƙwasa da ba mai iya karantawa. In ban iya karanta sunan ba wucewa nake.

Zainab A.: Sannunku. Ina ta bibiya shiru. Tambayata kan tsarin nan da ake ce wa KDP Select, na ga Amazon suna ta nuna mini in shiga. Akwai illa?

Anti Sadiya: Akwai sharaɗi dai. In kin shiga, kin yi alkawarin kwana 90 ba za ki sayar da littafin na lantarki a ko'ina ba sai wurinsu, har da shafinki na kanki, har da tura wa mutum ta waya ya biya ki. Na takarda bai shiga ciki ba. Kuma in ba ki cire alamar ba, da kwana 90 sun cika sabuntawa yake da kansa. Abin da suke ba ki a madadi shi ne shiga Kindle Unlimited, inda masu biyan kuɗin wata ke karanta abin da suka ga dama, ke kuma tun 2015 ana biyanki ne bisa yawan shafukan da aka karanta. Mai dogon labari da ke riƙe mutum, wanda kuma masu karatunsa da ma can suna wurin, yana iya cin riba. Amma ki fara tambayar kanki: masu karanta ni suna can? In mutanenki ba su da asusu a wurin, kin kulle kayanki a ɗakin da ba sa shiga.

Injiniya Nura: Ɗaya hanyar ita ce ki baza shi a sauran kantunan intanet: Apple Books, Kobo, Google Play Books da sauransu. In bin su ɗaya-ɗaya zai yi miki yawa, akwai dillalai irin Draft2Digital, wanda ya haɗe da Smashwords a 2022. Ki ɗora sau ɗaya su rarraba, su ɗauki kimanin kashi 10 na farashin. Ni ra'ayina ga littafin farko kada a ɗaure shi wuri ɗaya, sai an ga inda masu karatu ke fitowa.

Hassan Mai Alƙalami: To yanzu an zo wurin labarina. Shekara uku da suka wuce na gama nawa, ban san ko ɗaya daga abin da Injiniya ke faɗa ba. Wani mai kamfanin "taimakon marubuta", ba zan kama suna ba, ya ce in kawo ya ɗora mini, mu raba riba. Na tura masa fayil ɗin Word, shi ya yi bango, shi ya juya, shi ya ɗora. A asusunsa. Wata uku na farko yana turo mini hoton allo da ɗan abin da ya ce an samu. Daga nan hoto ya ɗauke, sai "kasuwa ce ba ta tafiya". Daga baya waya ma ta daina shiga. Yau littafina na nan a kanti, da sunana a bango, ban san ko kwafi nawa aka saya ba, ba zan iya canza farashi ba, ba zan iya gyara wasali ɗaya ba. Takardar da na sa wa hannu layi shida ce, babu ranar ƙarewa a ciki. Ko fayil ɗin bangon ba ni da shi. Shi ya sa da Anti ke kukan an raba nata na yi shiru, don ita aƙalla nata na hannunta.

Anti Sadiya: Inna lillahi. Hassan ka yafe ni, na janye maganata.

Malam Garba: Wannan ba mai wallafa ba ne, ɗan fashi ne da rasit. Ɗana, ka nemi lauya ya duba takardar nan, gajartarta ma na iya zama hujja a gare ka. Ku kuma saura ku ji daga bakin wanda ke ba marubuta takarda su sa hannu: duk yarjejeniyar da ba ta faɗi shekara nawa ba, ba ta faɗi wane nau'i ba, takarda ko lantarki ko na saurare ko fassara, ba ta faɗi yaushe za a riƙa kawo lissafi ba, ba ta kuma faɗi yadda haƙƙi zai dawo hannun mai shi ba, kada ku sa hannu ko da ni na miƙo muku. In mutum aikin juya fayil kawai zai yi muku, ku biya shi ladan aikinsa ya ba ku fayil, ku buɗe asusu da sunanku ku ɗora da hannunku.

Ummu Safwan: Jikina ya yi sanyi wallahi, don irin wannan tayin aka yi mini makon jiya. To in na sayi lambar ISBN ba ta kare ni daga irin haka?

Injiniya Nura: A'a, nan mutane ke ruɗewa. ISBN lambar shaida ce ta kasuwanci, lamba 13 tun 2007, don kantuna da ɗakunan karatu su bambanta wannan bugu da wancan. Kowane nau'i da tasa: ta takarda daban, ta EPUB daban. Ba ita ke ba ki mallaka ba. Haƙƙin mallaka, a ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Berne ta 1886, yana tabbata ne da zarar kin rubuta, ba sai kin yi rajista ba, ko da yake ajiye shaida na da amfani ranar rigima. Ki adana tsofaffin kwafin rubutunki masu kwanan wata. Amazon ma ba ya neman ISBN ga littafin lantarki, lambarsa yake bayarwa mai suna ASIN. Wasu dillalan na ba da ISBN kyauta, sai dai ba a sunanki take ba, kuma ba za ki tafi da ita wani wuri ba. Ga mai littafi ɗaya ba wata matsala ba ce. Ga irin su Malam masu son sunan kamfaninsu ya fito, gara su mallaki tasu.

Malam Garba: Tunda an ambace ni, bari in yi ikirari kafin a tone ni. Tsofaffin littattafanmu guda goma sha ɗaya da suka ƙare a kasuwa, waɗanda ba za mu iya sake bugawa ba don ba za su mayar da kuɗin inji ba, bara ɗana ya matsa mini muka mayar da huɗu na lantarki. Ba wani abin kirki suke kawowa ba, amma da suna kwance ne a kwali, yanzu suna numfashi. Sai da na koma wurin marubutan ɗaya bayan ɗaya muka sake takarda, don ta farkon ba ta san da wannan nau'in ba. Ɗan nawa kuma yana lallashina da tsarin da sai an saya ake buga kwafi ɗaya a aika wa mai saye. Wannan har yanzu ina kallonsa da ido ɗaya, kwafin na fitowa da tsada.

Baffa Tijjani: Ashe Malam tun ɗazu kana cikin ruwan kana ce mana da sanyi!

Malam Garba: Ƙafa ɗaya na sa, Baffa.

Ummu Safwan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Mai tayin nan na riga na rubuta masa cewa na fasa. Littafin zan rufe shi wata guda kamar yadda Malam ya ce, ko da yake hannuna na ƙaiƙayi. Malam, in watan ya cika, za ka duba mini a biya ka ladan tacewa kawai, haƙƙi na hannuna?

Malam Garba: Ki turo babi uku na farko in ga irin aikin da ke ciki, sannan mu yi magana. Kuma a rubuce za mu yi ta.

Zainab A.: Injiniya kafin ka gudu. Na gwada Calibre ɗin yanzu da wani gajeren labarina. A kwamfuta lafiya lau, amma a tsohuwar wayata duk inda ɗ da ƙ da ɓ suke sai wani ɗan akwati nake gani.

Injiniya Nura: Rubutunki lafiyarsa ƙalau, salon haruffan da wayar ke amfani da shi ne ba shi da masu lanƙwasa. Ki saka salon da ke da su a cikin fayil ɗin kansa, irin Noto Serif ko Charis SIL, duka kyauta ne kuma lasisinsu ya yarda a yi haka. Wasu manhajojin duk da haka sai mai karatu ya zaɓi haruffan mawallafi kafin su nuna. Ki gwada a waya biyu ko uku, ki turo mini hoton abin da kika gani.

Zainab A.: To bari in karɓo ta maƙwabciyata, tata ta fi tawa tsufa.